Wane tsarin atisaye ya cancanci kuɗinka kafin gasar ɗaga ƙarfe?

Wanda ya yi rajistar gasar pawaliftin ya san abin da ke jiransa: sikwat (tsugunawa da sandar ƙarfe a kafaɗa a miƙe), benci (tura sandar daga ƙirji a kwance), dedlif (ɗago sandar daga ƙasa), kowanne dama uku, ga alƙalai uku da farar fitila ta amincewa da ja ta ƙi. Inda mutane ke rikicewa shi ne watannin shiri. Tsare-tsaren atisaye sun cika intanet, wasu kyauta, wasu a littafi, wasu kuma sai ka biya koci da dala duk wata. Kafin ka taɓa aljihunka, ka amsa wa kanka abu biyu da gaskiya: tun yaushe kake ɗagawa a kan ƙa'ida, kuma mako nawa ya rage a kira sunanka.

Idan ba ka shekara ba, Starting Strength na Mark Rippetoe ya ishe ka. Kwana uku a mako, zubi uku na sau biyar-biyar (wato ka ɗaga sau biyar a jere ka huta, har karo uku), kuma duk zuwa sai ka ƙara ɗan nauyi, kamar kilo 2.5. Jikin sabon shiga yana murmurewa cikin kwana biyu, shi ya sa ƙarin ke tafiya. Bayan wasu watanni zai tsaya cak, kuma wannan ba laifin kowa ba ne. Abin dubawa ɗaya: tsarin yana buƙatar ƙananan fayafai masu kilo 1.25. Idan gidan motsa jikinku ba shi da ƙasa da kilo 5, sayen waɗannan fayafai biyu ya fi maka sayen kowane littafi. Daga nan akwai Texas Method: Litinin aiki mai yawa, Laraba mai sauƙi, Juma'a neman sabon nauyi. Yana aiki, amma Litinin ɗinsa tana cin mutum idan abinci da barci ba su wadata ba.

Tsarin 5/3/1 na Jim Wendler shi ne na mai sana'a ko ma'aikacin da ba shi da lokaci. Ana ɗaukar kashi 90 cikin 100 na iyakar abin da kake iya ɗagawa sau ɗaya, a kansa ake duk lissafi. Mai sikwat ɗin kilo 150 zai yi lissafi da 135. Makon farko sau biyar, na biyu sau uku, na uku biyar da uku da ɗaya, na huɗu a sassauta. Bayan kowane zagaye a ƙara kilo 2.5 a benci, kilo 5 a sikwat da dedlif. Da wuya ka ji rauni a kansa, kuma zama ɗaya bai fiye wuce awa guda ba. Rauninsa ga ɗan gasa a fili yake. Mutumin nan mai kilo 150, mafi nauyin da zai taɓa a mako na uku wajen kilo 128 ne, kuma kowace ɗagawa sau ɗaya kawai take zuwa a mako. Benci musamman ba ya son haka. Wendler kansa ya fitar da wani samfuri na 'yan gasa da ya ƙara ɗagawa mai nauyi guda-guda. Idan 5/3/1 za ka bi zuwa dandamali, wannan samfurin za ka nema.

Ni dai wanda ya shekara biyu ko uku kuma yana son lambar yabo, tsarin Boris Sheiko nake nuna masa. Sheiko ya yi shekaru yana horar da tawagar ƙasar Rasha a baya, kuma jadawalansa masu lamba 29, 30, 31 da 32 suna yawo kyauta. Ana bin su a jere, mako huɗu-huɗu, na 32 shi ne na saukowa zuwa gasa. Yawancin aikin yana tsakanin kashi 70 zuwa 80 cikin 100, zubi da yawa, maimaici kaɗan. Benci kusan kowane zama, sikwat sau biyu a mako, dedlif sau ɗaya, wani lokaci a ja zuwa gwiwa kawai ko daga kan katako. Hikimar ita ce ka maimaita motsin gasa sau ɗaruruwa ba tare da ka kai ga gajiyar da ke lalata salo ba. A gasa da yawa ba rashin ƙarfi ke kawo jar fitila ba: kwankwaso bai sauka ƙasa da gwiwa ba, ko an tura benci kafin alƙali ya ba da umarni. Sheiko yana gyara irin wannan fiye da kowane tsari da na sani. Farashinsa lokaci ne, zama ɗaya yana kai awa biyu, kuma kafaɗa da gwiwar hannu suna kuka a makonnin farko. Idan kana raba sanda ɗaya da mutum shida bayan la'asar, ka yi tunani tukuna.

Smolov kuwa, mako 13 na sikwat, a tsakiyarsa kwana huɗu a mako har zuwa zubi 10 na sau uku a kashi 85. Yana ƙara sikwat, ba musu, amma dedlif da benci suna zama marayu, alhali jimillar ukun ake lissafawa a gasa. Ban ga dalilin bin sa dab da gasa ba.

Tsarin gidan horo na Westside Barbell na marigayi Louie Simmons, a Columbus ta jihar Ohio, yana da kwarjini: kwana biyu na nauyi matuƙa, kwana biyu na sauri da roba da sarƙa, ana sauya motsi akai-akai. Sai dai an gina shi ne galibi kan masu gasa da rigunan matsi masu taimakon ɗagawa, kuma yana son sanduna na musamman da abokan horo masu ido. Mai gasa da bel da safar gwiwa kawai, a ɗaki mai sanda ɗaya, zai kashe kuɗi a kan kaya kafin ya ga riba.

Saura koci na kuɗi. Yawancinsu yau suna aiki da ma'aunin RPE, wato awon wahalar zubi, wanda Mike Tuchscherer ya yayata: 10 na nufin ba saura ƙarfi, 8 na nufin da ka iya ƙara ɗagawa biyu. Amfaninsa babba ne a wurinmu, domin nauyin ranar yana bin halin jikinka. Daren da aka ɗauke wuta cikin zafin Afrilu ba ka runtsa ba, ko a watan azumi da kake horo bayan buɗa-baki, jadawalin da aka rubuta da kaso ba ruwansa, RPE kuwa yana sassauta maka. Matsalarsa, sabon shiga bai san bambancin 7 da 9 ba, kuma mai son burgewa yana yi wa kansa ƙarya. Kafin ka biya, ka gwada jadawalin mako 16 na Calgary Barbell, kyauta ne kuma ya haɗa kaso da RPE. Idan za ka biya, ka tambayi kocin abu uku: zai kalli bidiyonka duk mako? Ya taɓa kai wani gasa? Zai zaɓar maka nauyin damarka uku? Wanda zai turo takarda ɗaya ya ɓace bai fi jadawalin kyauta da komai ba.

Ga 'yan'uwa masu lalura ta musamman, gasarku ta Paralympics benci ce kaɗai, fagen da Najeriya ta yi suna da irin su Lucy Ejike da Folashade Oluwafemiayo. Duk tsarin da ke ba benci kwana ɗaya a mako ba naku ba ne.

Kowanne ka ɗauka, ka ƙirga baya daga ranar gasa, ka tabbata yana da makon sassauci a ƙarshe, kuma yana sa ka tsayar da sanda a ƙirji kamar yadda alƙali zai nema. Damar farko ka buɗe da nauyin da kake iya yi sau uku ko a ranar da ba ka jin daɗi, domin idan ka kasa ɗaga shi doka ba ta yarda ka rage ba.