Kokoro na Natsume Soseki: abin da na tarar bayan shafi na arba'in

Kwafin da ya shigo hannuna na gwanjo ne, bangonsa ya dushe, kuma wanda ya riga ni mallakarsa ya bi shafukan farko da jan biro yana ja wa kalmomi layi. Daga wajen shafi na arba'in jan biron ya ɓace, alamar a nan mutumin ya ajiye littafin bai sake waiwayarsa ba. Ban ga laifinsa ba, domin ni ma a daidai wurin na kusa ajiyewa. Dare uku na yi ina karanta labarin wani ɗalibi da ke zirga-zirga gidan wani dattijo marar aikin yi, suna shan shayi, suna fita yawo, dattijon yana fara magana yana katsewa, har na soma tambayar kaina ko a kan wannan ne ake ta kururuta adabin Japan.

Littafin shi ne Kokoro, na Natsume Soseki, a fassarar Turanci ta Edwin McClellan wadda ta fito a 1957. An haifi Soseki a 1867, ya rasu a 1916, kuma daga 1984 zuwa 2004 hotonsa ne a kan takardar kuɗin Japan ta yen 1000, abin da zai nuna wa mai karatu matsayinsa a wurin mutanensa. Gwamnatin ƙasarsa ta tura shi Landan a 1900 don nazarin Turanci, ya yi shekara biyu a can cikin kaɗaici da ƙuncin rai, ya dawo ya koyar a jami'ar Tokyo, sannan a 1907 ya ajiye koyarwar ya koma rubuta wa jaridar Asahi labarai. A wannan jaridar Kokoro ya fara fitowa, gutsure-gutsure har 110, daga Afrilu zuwa Agustan 1914. Da na san haka sai na fahimci dalilin da ya sa labarin yake tafiya taku-taku, yana tsayawa daidai inda mai karatu zai so a ci gaba, kamar yadda marubutanmu na yanzu suke sakin littafi shafi-shafi a WhatsApp.

Ɗalibin, wanda ba a faɗi sunansa ba har littafin ya ƙare, ya fara ganin dattijon ne a bakin teku a Kamakura, kuma hanyar da ya samu ta yi masa magana ita ce ranar da tabaran mutumin ya faɗi ƙarƙashin benci, ya sunkuya ya ɗauko masa. Tun daga nan yake kiransa Sensei. McClellan ya bar kalmar yadda take, ya yi bayani a ƙasan shafi cewa kalmar Turanci ta mai koyarwa ba ta gamsar da shi ba, wai ta Faransanci ta fi kusa. Na yi murmushi da na karanta wannan, domin mu wahalar ba ta same mu ba. Malam ne kawai. Sensei ba ya koyarwa a kowace makaranta, bai rubuta littafi ba, bai riƙe muƙami ba, amma yaro ya dube shi ya ga wanda zai zauna a gabansa, kuma duk wanda ya tashi a inda ake ce wa mutum Malam saboda kwarjininsa kaɗai ba ya bukatar a yi masa bayani a ƙasan shafi. Daga lokacin da na fara karanta sunan a zuciyata da Malam, sai zaman nasu ya daina ba ni mamaki. Abin da ya rage shi ne kabarin da yake ziyarta shi kaɗai kowane wata a maƙabartar Zoshigaya, wanda ya ƙi faɗin ko na wane ne, in ban da cewa na wani aboki ne.

Littafin kashi uku ne, kashi na biyu ne ya fara kama ni, kuma shi ne mafi gajarta. Ɗalibin ya gama jami'a ya koma ƙauye, inda mahaifinsa ke fama da ciwon ƙoda. A Tokyo yaron ya naɗe takardar shaidar digirinsa ya leƙa ta cikinta kamar abin wasa, Malam kuma ya yi masa barka sama-sama. A gida kuwa tsohon ya karɓi takardar da hannu biyu, ya tarar ta lanƙwashe a cikin kaya, ya zauna yana miƙe ta da tafin hannu, ya kai ta wurin da duk wanda ya shigo ɗakin zai gani. Yaron ya ji haushin wannan murna, yana ganinta ƙauyanci, har ya ce wa uban ai ɗaruruwa ne suke gama jami'a kowace shekara. Sai tsohon ya fahimtar da shi cewa ba digirin yake wa murna ba, murnarsa ita ce an gama yana da rai, alhali ya riga ya cire tsammani. A nan na rufe littafin na ɗan jima. Na taɓa yi wa nawa mahaifin irin wannan amsa a kan wata takarda da ya sa aka yi wa firam, kuma ban tuna da ita ba sai a daren nan. Soseki ya iya nuna yadda ɗan boko yake auna ubansa da wani baƙo ya ga uban ya gaza, ba tare da ya mayar da yaron mugu ba.

Ana cikin wannan jinya Sarki Meiji na Japan ya rasu a ƙarshen Yulin 1912, tsohon yana bin labarin ciwon sarkin a jarida kamar nasa ciwon ake bugawa. Ranar jana'izar, 13 ga Satumba, Janar Nogi Maresuke, babban hafsan sojan sarkin, ya kashe kansa tare da matarsa. Bayan haka wayar tangaraho ta zo daga Malam yana neman yaron ya zo Tokyo, bai samu zuwa ba, sai ga wata wasiƙa mai kauri. Ya leƙa ƙarshenta, ya ga Malam yana cewa kafin ta iso shi ya bar duniya, sai yaron ya bar mahaifinsa a kan gargara ya ruga tashar jirgin ƙasa. Sauran littafin, wajen rabinsa, wannan wasiƙar ce.

Farkon wasiƙar labari ne da kowane Bahaushe ya san irinsa. Iyayen Malam sun rasu kusan lokaci ɗaya da zazzaɓin taifot, aka bar dukiyarsa a hannun baffansa, baffan ya yi ta matsa masa ya auri 'yarsa, kuma sai daga baya yaron ya gane auren zumuncin nan rufa-rufa ce, an riga an ci dukiyar maraya. Ya tattara abin da ya saura ya bar garin da niyyar ba zai sake taka shi ba. Wannan ya sa tun a kashin farko yake nanata wa ɗalibin cewa ya sa a raba gado tun mahaifinsa yana raye, kuma yake cewa babu wasu mutane na daban da ake kira miyagu, mutanen kirki ne suke juyewa idan kuɗi ya gitta. Da na karanta maganar a karon farko na ɗauke ta ƙorafin wanda aka cuta. Ashe rabin zancen ke nan.

A Tokyo Malam ya kama haya a gidan matar wani hafsan soja da ya rasu, tana zaune da 'yarta budurwa, ya kamu da son yarinyar bai furta ba. Sai ya kawo abokinsa, wanda littafin ya kira K kawai, ɗan wani malamin addinin Buddha da aka ba gidan likita riƙo, suka tura shi karatun likitanci ya karanta abin da ransa yake so, da gaskiya ta fito gida biyun suka yafe shi. Tausayi ne ya sa Malam ya kawo shi, har yana biya masa kuɗin abinci a ɓoye. Ɗakunansu biyu ƙyaure ɗaya ne ya raba su, irin na Japanawa da ake turawa gefe. Wata rana K, mai gudun duniya da ƙyamar soyayya, ya buɗe baki da ƙyar ya shaida wa abokinsa cewa yana son yarinyar. Malam ya yi shiru.

Wannan shirun shi ne littafin gaba ɗaya a wurina. Mun taso ana yaba kawaici da kara, ana cewa mai haɗiye magana shi ne mai hankali, kuma da farko shirun Malam ya yi kama da hakan, kunya ce ta hana shi cewa shi ma yana so. Soseki ya bi shirun nan kwana bayan kwana yana nuna yadda yake rikiɗa. Da K ya zo neman shawara a lambun Ueno, Malam ya ɗauko wata magana da K ɗin ya taɓa yaɓa masa, cewa wanda ba ya neman ɗaukakar ruhinsa wawa ne, ya mayar masa da ita har sau biyu, yana sane da cewa toshe masa hanya yake yi. Daga nan ya yi ƙaryar rashin lafiya, ya jira gida ya watse, ya nemi auren yarinyar a wurin uwarta, ta ba shi nan take. Bai gaya wa K ba. Uwar ce ta faɗa masa, K ya yi murna a baki, ya ce da yana da kuɗi da ya yi musu kyauta. Malam ya ce a ransa gobe zai yi masa magana, a daren K ya yanke jijiyar wuyansa.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai bai wuce layi kaɗan ba. Malam ya farka ya ga ƙyauren a buɗe, ya shiga ya ga abin da ya faru, ya hango wasiƙa a kan tebur da sunansa. Hannunsa yana rawa ya buɗe ta, abin da yake tsoro shi ne a ce K ya tona masa asiri a gaban uwar da 'yarta. Da ya ga babu zargi ko ɗaya a ciki, godiya ce kawai da roƙon a kula da gawarsa, abin da ya fara ji shi ne ya tsira. Ya mayar da ita cikin ambulan, ya ajiye ta inda kowa zai gani, sannan ya juya ya ga jinin a jikin ƙyaure. Ban taɓa karanta inda marubuci ya kama mutum a cikin irin wannan daƙiƙa ba, kuma abin da ya dame ni shi ne ban iya rantsuwa cewa ni da na fi shi ba.

Akwai inda ni da littafin muka raba hanya. Janar Nogi ya bar wasiyya cewa tun da aka ƙwace tutar rundunarsa a yaƙin tawayen Satsuma na 1877 yake jiran ranar mutuwa, shekara 35 ke nan, kuma Malam ya ɗauki wannan ya jingina nasa ƙudurin da shi, yana cewa zai bi ruhin zamanin Meiji zuwa kabari. Na fahimci tarihin, na kuma gane cewa mutanen da suka ga ƙasarsu ta sauya kama cikin shekara 45 za su ji kamar an rufe littafinsu da mutuwar sarkin. Duk da haka zuciyata ba ta karɓa ba. Na tashi a kan cewa rai amana ne, kuma ƙofar tuba ba ta rufuwa, don haka ina karantawa ina jiran inda mutumin zai nemi gafarar wani, ko da ta matarsa ce. Bai nema ba.

Matar, Shizu, wato yarinyar nan da ya aura, ita ce wadda aka fi zalunta, kuma ita ce aka fi hana magana. Shekara da shekaru tana zaune da miji mai baƙin ciki, tana tuhumar kanta, tana tambayarsa laifinta yana cewa babu. Hujjarsa ita ce ba ya so ya ɗiga tawada a kan farin ƙyalle. Ni ban ga ƙauna a nan ba, na ga mutumin da ya fi son a ci gaba da ganinsa da tsabta, kuma roƙonsa na ƙarshe ga ɗalibin shi ne kada ta sani muddin tana raye. Ya yi wa K shiru, ya yi mata shiru, ya zaɓi yaron da ba abin da ya haɗa shi da lamarin ya juye masa kayan. Sau biyu na karanta shafukan ƙarshe ina neman alamar ko Soseki yana tare da Malam a kan wannan, na fito da zaton ba ya tare da shi, domin a wurare kaɗan da ya bar Shizu ta yi magana, ta fi duk mazan littafin hangen abin da ke faruwa.

Turancin McClellan mai sauƙi ne, jimlolinsa gajeru, wanda ya gama sakandare zai iya bi ba tare da ƙamus a gefe ba, kuma littafin bai kai shafi 300 ba. Akwai sabuwar fassara ta Meredith McKinney ta 2010 ga mai son gwadawa. Sunan littafin ma McClellan bai fassara shi ba. Ni dai zuciya na kira shi, domin da ita muke tunani, da ita muke so, ita ce kuma muke cewa ta ɗebi mutum idan ya aikata abin da zai yi nadama. Wanda ya saba da labari mai gudu zai sha wahalar shafuka arba'in ɗin farko, amma kusan duk maganar da Malam ya katse a can tana da amsarta a cikin wasiƙar, kuma sai da na koma farkon bayan na gama na ga yadda aka dasa su. Abin da ban samu ba ko a karatu na biyu shi ne labarin tsohon da aka bari a kan shimfiɗa. Wasiƙar tana ƙarewa littafin ya ƙare, yaron yana cikin jirgi, kuma har yanzu nakan kama kaina ina lissafin ko ya koma ƙauye ya tarar da uban da sauran numfashi.