Dajin Epping: A Ƙafa Ko A Kan Keke?

Hajiya, kin tambaya a zaure cewa kina so ki kai yaranki Dajin Epping da ke gefen Landan ranar Asabar, amma kin rasa zaɓi tsakanin yawo a ƙafa da ɗaukar kekuna. Na gwada duka biyun ba sau ɗaya ba, kuma idan wannan ne zuwanku na farko, shawarata ita ce ku bar kekunan a gida.

Bari in fara ba keke haƙƙinsa. Dajin siriri ne mai tsawo, ya miƙe kimanin kilomita 19 daga gabashin Landan har zuwa garin Epping a yankin Essex, faɗinsa kuma ya kai hekta 2,400. Akwai manyan hanyoyi da aka zuba wa tsakuwa, waɗanda masu keke da mahaya dawaki da masu ƙafa suke tarayya a kansu, kuma wanda ya tashi daga unguwar Chingford da hantsi zai wuce tafkin Connaught, ya haura High Beach, ya isa Epping kafin azahar ba tare da ya jigata ba. Mai tafiya a ƙafa da ƙananan yara ba zai ci rabin wannan zango ba. Sai dai titunan mota sun ratsa dajin a wurare da dama, kuma tsallake su da yara a kan kekuna yana buƙatar ido sosai.

To amma abin da ya sa dajin ya yi suna ba a bakin waɗannan hanyoyi yake ba. A Ingila ba a kiran wuri tsohon daji sai ya kasance da itatuwa ba yankewa tun daga shekarar 1600, kuma a Epping an ƙiyasta tsofaffin itatuwa kusan 55,000. Ɗaruruwan shekaru mutanen ƙauyukan kewaye suna sare rassansu don itacen girki, suna yin saran a sama da inda bakin shanu da barewa zai kai, kusan yadda makiyaya suke sare wa dabbobi rassan gawo da rani. Da majalisa ta yi dokar 1878 da ta danƙa dajin a hannun hukumar Birnin Landan, sai aka daina saran, rassan kuwa suka ci gaba da girma har kowanne ya zama kamar itace mai zaman kansa. Shi ya sa za ku ga kututture gajere mai kauri kamar rumbu, ya ɗauko manyan rassa shida ko bakwai a ka, wani ma cikinsa ya rarake har yaro ya shiga ya tsaya. Mai keke yana wuce irin wannan cikin ƙiftawar ido, hankalinsa yana kan saiwa da rami.

Akwai kuma wuraren da aka hana shiga da keke, kamar Loughton Camp da Ambresbury Banks, tsofaffin ganuwoyin ƙasa ne da aka gina fiye da shekaru 2,000 da suka wuce, kuma taya tana zaizaye su. A ganina su ne suka fi dacewa da yara, domin suna son hawa tudun su gangaro cikin busasshen ganye.

Batun laka ma abin dubawa ne. Ƙasar dajin yumɓu ce a wurare da yawa, daga kaka zuwa ƙarshen hunturu kuwa ƙananan hanyoyi sukan zama taɓo. Mai ƙafa takalmin roba ya ishe shi. Keke kuwa na taɓa ganin yumɓu ya cushe tsakanin taya da birki har ta daina juyawa, mai ita ya koma turawa yana tsinke lakar da tsinke.

Wajen zuwa ma ƙafa ta fi sauƙi. Layin Central na jirgin ƙarƙashin ƙasa yana tsayawa a Loughton da Theydon Bois da Epping, duk kusa da bakin dajin, amma ba a yarda a shiga da keken da ba ya naɗewa a sashen da ke cikin rami ba. Idan yara suka nace a kan kekuna, gara ku bi jirgin Liverpool Street zuwa Chingford, ku tsaya a kan hanyoyin tsakuwa, ku leƙa gidan farauta na Chingford da aka gina wa Sarki Henry na 8 a 1543.

Game da kasuwar Epping da kika ambata, ranar Litinin take ci, kuma izininta ya samo asali tun 1253, saboda haka ba za ku same ta ranar Asabar ba. Ku tafi da guzurinku a dafe, domin an hana kunna wuta ko gashi a ko'ina cikin dajin.