Titus, kote, shawa ko panla: wanne za ki ɗauka in kin shiga kolrum?

Wata ƙawata mai juna biyu ce ta kira ni kwanaki hankalinta a tashe, wai an ce mata kifin teku duk zaiba ce a jikinsa, tana taɓa ƙwaƙwalwar jariri, shi kenan ta daina sayen kifin ƙanƙara ta koma nama zalla. Na ce Hajiya ta, zancen zaiba gaskiya ne, amma ba irin kifin da ni da ke muke saya ya fi shafa ba, abin da zai kwantar da ke yana can kan teburin mai kifi a rana yana ɗigar ruwa.

Ita zaibar, wadda 'yan boko ke cewa makuri, daga hayaƙin gawayin ƙasa da haƙar zinari da dattin masana'antu take gangarawa teku, ƙananan halittu su sha, ƙaramin kifi ya cinye su, babba ya cinye ƙarami, kuma ba ta fita da sauƙi sai dai ta yi ta taruwa a tsoka. Shi ya sa kifin da ya fi girma, ya fi daɗewa a duniya, kuma 'yan uwansa yake ci, shi ya fi ɗauke da ita. Akwai wani jan kifi na can ƙasan teku da Turawa ke kira orenj rofi, yana haura shekara 100 a raye, to ki lissafa abin da ya tara. A garin Minamata na Japan aka ga ɓarnar zaiba ƙiri-ƙiri a 1956, wata masana'anta ta yi shekaru tana zubar da dattinta a ruwa, masunta da iyalansu suka yi ta cin kifin, aka riƙa haifar yara da nakasar ƙwaƙwalwa. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ware kifi bakwai ta ce mai ciki da mai shayarwa da yara su ƙaurace musu, ciki har da shak, kifin takobi, malin, shi orenj rofin, da tuna mai babban ido. Ki duba da kyau, a cikinsu wanne kika taɓa gani a Yankura? Ita dai hukumar ce kuma ta sa titus da shawa da sadin da panla da jatan lande a layin waɗanda suka fi dacewa, ta ce mai ciki ta ci sau 2 zuwa 3 a sati, kowane ci kamar giram 113, wato yanka kamar tafin hannunki.

Ni dai ba ɓoye-ɓoye, titus nake so, kuma titus na asali, na tekun Atlantika ta arewa wanda ake kawowa daga Nowe da maƙwabtanta. Kifin ruwan sanyi ne shi ya sa yake tara mai, wanda aka kama da kaka man jikinsa kan kai kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa, kuma a cikin man nan ne omega-3 yake, wanda ƙwaƙwalwar jariri da idonsa ke ginuwa da shi, zuciyar manya ma tana so. Giram 100 na titus mai kyau yana ba ki kusan giram 2 ko fiye na omega-3, ga bitamin D ga B12 mai yawa na jini ga selaniyom, kuma da yake ƙananan halittu ne yawancin abincinsa zaibarsa kaɗan ce. Ga shi ba ƙaya barkatai, tsaga ɗaya ki zare ta tsakiya ki ba yaro ba fargaba. Ki soya shi ba ya shan mai shi yake ba da nasa, ki sa a miyar dage-dage ko ki gasa da yaji da citta da lemon tsami, gidan maƙwabta ma sai sun san kin yi girki. Abu ɗaya kawai, kar sunan makarel, wato sunan titus da Turanci, ya ruɗe ki, akwai wani ƙato ɗan uwansa da ake ce wa sarkin makarel, shi yana cikin bakwai ɗin can da aka hana, ba titus ba ne sam.

Shawa ita ce ta biyu a wajena, mai gare ta sosai omega-3 ɗinta ba laifi kuma ta fi araha, matsalarta ƙaya, siraran nan kamar gashi, in kina da ƙananan yara wahala ce. Kote ba shi da laifi, tsokarsa ta fi tauri mansa bai kai ba. Panla kuwa fari fat ba mai, furotin da ɗan aidin za ki samu, omega-3 kaɗan, kuma tana dagargajewa a miya kamar an ji haushinta. Sadin na gwangwani ki cinye har ƙashin don kalsiyom yana nan. Tuna ta gwangwani a duba rubutun, wadda aka rubuta light a jikinta ta fi farar tuna da ake kira albako ƙarancin zaiba, albako sau ɗaya a sati ya ishi mai ciki. Busasshen kifin Nowe, okporoko, wanda iskar tsibiran Lofoten ke busarwa, ƙamshi ne da furotin, da kuɗinsa gara na sayi titus uku.

Yanzu ga abin da ya taɓa ƙona ni. Wata rana da zafi na sayi titus a wajen wani mai tebur, da yamma ce, ya rage min kuɗi har ina murna na yi ciniki. Na soya shi ƙarau, ina ci na ji wani ɗan yaji-yaji yana cizon harshe na ɗauka barkono ne ya yi yawa. Ko minti talatin ba a yi ba fuskata ta yi ja ta ɗau zafi, kaina kamar ana sara, zuciya na bugawa, ƙuraje suka feso min a wuya da ƙirji, Baban yara ma cikinsa ya ɓaci. A asibiti likita ya tambayi me muka ci, ina cewa titus ya ce histamin ne. Ashe titus da tuna da shawa da sadin in suka zauna a zafi ƙwayoyin cuta na juya wani sinadari na tsokarsu ya koma histamin, kuma in ya riga ya samu, suya ba ta kashe shi, dahuwa ba ta kashe shi, banda ba ta yi, mayar da shi firiza ma aikin banza ne. Abin haushin wani lokaci ko wari ba ya yi. Tun daga ranar ba zaiba nake tambaya ba, tambayata ita ce kifin nan ya taɓa narkewa?

Kuma wallahi a nan ake cutar mu. Kifin ƙanƙara ya kamata ya zauna a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili tun daga jirgi har hannunki, to ki tuna tafiyar mota daga Legas zuwa Kano, ki tuna yadda ake ɗauke wuta, ga dizal ya yi tsada wani sai ya kashe janareta da dare, da safe a kunna ya sake daskarewa kamar ba a yi komai ba. Ki duba katan ɗin, in ya jiƙe ya bushe ya yi tabon jini, ko kifin ya manne ya zama dunƙule ɗaya cikin jar ƙanƙara, ko ya lanƙwashe ya daskare a haka, ya narke an sake. Ciki ya fashe, ido ya lotsa ya yi fari, gefen ciki ya yi ruwan ɗorawa alamar man ya tsufa, ki ajiye masa kayansa. Ki ƙwanƙwasa shi ya yi ƙara kamar itace, in yatsa ya shiga ki wuce. Ki je da sassafe lokacin da ake buɗe katan, kifin yamma mai ragi shi ya kai ni asibiti. Wasu kuma ƙanƙara suke auna miki a kilo, ki ce a kakkaɓe kafin a ɗora a sikeli.

Sai titus na bogi. Na asali bayansa kore-shuɗi ne da baƙin zane mai lanƙwasa a fili kamar an ja da biro, cikinsa fari tas ba ɗigo. Akwai ɗan uwansa da ake kamawa a gaɓar Maroko da Muritaniya, zanensa dishi-dishi, idonsa ya fi girma, cikinsa da ɗige-ɗige masu toka, lafiya lau ake cinsa amma mansa bai kai ba, to kar a karɓi kuɗin na Nowe a ba ki shi. Kote kuma ki shafa gefensa wajen wutsiya za ki ji layin ƙaya mai kaushi, titus sumul yake. In an riga an yayyanka an cire kai ni ba na saya, Malam yanka min a gabana.

Jatan lande zaibarsa kaɗan ce ƙwarai ga aidin da rashinsa ke kawo maƙoƙo, mu da muke nesa da teku kuma muka san maƙoƙo abin so ne, sai dai ana sa masa sinadarin salfait don kar ya yi baƙi, mai asma ya kula. Ƙaguwa ki ci farin naman ƙafa ki rage naman nan mai launin ruwan ƙasa na cikin ƙoƙo, nan wani ƙarfe mai guba da ake kira kadmiyom ke taruwa kuma ƙoda yake wa illa. Kirafish ɗin miya wanda ake kawowa daga Oron ta Akwa Ibom shi ma ƙananan jatan lande ne aka busar, kar ki sayi niƙaƙƙe, ba ki san yashi da ɓawo da ƙurar da aka haɗa ba, ki sayi ɗai-ɗai ki tsince ki wanke ki shanya ki niƙa da kanki. Kuma ki sansana, don har yanzu akwai masu fesa wa busasshen kaya Sniper saboda ƙwari duk da NAFDAC ta hana sayar da shi a bainar kasuwa tun 2019. In kika ji warin fiya-fiya, ko kika ga tiren maƙwabcinsa ƙuda na bi nasa ko ɗaya bai sauka ba, ko kyauta ya ba ki kar ki karɓa.