Wane babur ne zai jure turbo a Zariya?

Duk wanda ya zo mini da maganar sanya wa babban babur turbo don tseren miƙaƙƙen layi, wato mita 402 daga tsaye, tambayarsa ta farko ita ce ƙarfin doki nawa zai samu. Ni kuwa nakan ce, ɗan'uwa, fara tambayar sau nawa injin zai yi wannan gudun kafin ya buga.

Turbo da hayaƙin salansa yake juyawa, ya riƙa tura iska cikin silinda da ƙarfi. Iska ta ƙaru, fetur ya ƙaru, zafi da matsi su hau kan fistin da kwanrod, wato ƙarfen da ke riƙe da fistin. Saboda haka abin da za ka fara dubawa a kowane babur shi ne yawan matsin da kamfani ya yi injin da shi, wato ninki nawa fistin ke matse iska da fetur a cikin silinda. Suzuki Hayabusa ta farko, wadda ta fito a 1999 da inji mai cc 1299, matsinta 11.0 ne. Ta biyu, ta 2008 mai cc 1340, ta kai 12.5. Kawasaki ZX-14R ta 2012, mai cc 1441, tana 12.3. Wanda bai sani ba, sai ya ce sabuwar ta fi. A wajen turbo kuwa tsohuwar ce ta fi haƙuri, domin ƙarancin matsi yana bar wa iskar da ake turawa wuri. Ga kayan gyaranta birjik a Amurka, inda aka shafe shekaru ana tsere da ita, kuma ana iya sa farantin ƙarfe a ƙarƙashin silindarta a ƙara rage matsin ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba. ZX-14R inji ce mai kyau, ba na ƙi, amma idan za ka matsa mata sosai sai ka sauya fistin tukuna.

Kawasaki Ninja H2 ta 2015 daban take. Daga kamfani ta zo da na'urar tura iska, wadda injin ke juyawa da kansa, ba hayaƙi ba. Ba ka buƙatar taɓa komai. Sai dai tsada, kuma ranar da wani abu ya lalace, jiran kaya daga waje zai gajiyar da kai.

Abin da ya fi damuna shi ne yanayinmu. A watan Maris da Afrilu zafin Zariya kan kusanci digiri 40, iskar da turbo ya matse kuma ta riga ta yi zafi. Haɗa wannan da fetur ɗin da ba ka san asalinsa ba, sai man ya riƙa fashewa kafin lokacinsa, fistin ya narke cikin daƙiƙoƙi. Don haka kada ka sayi kayan turbo marasa na'urar sanyaya iska, komai arharsu. Kada kuma ka yarda da saitin biren bos, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, da aka yi a ƙasar sanyi da man tsere. A ƙara fetur, a ja lokacin wutar filogi baya. Ƙurar hunturu ma tana cin fukafukan turbo, matatar iska dole ce.

To, a sayi wanda aka riga aka haɗa, ko a haɗa a gida? Na haɗe ya fi sauƙin kuɗi, amma ba ka san wahalar da ya sha a hannun mai shi na farko ba. Je da bakaniken da ka amince da shi, ko na Sabon Gari ne ko na Tudun Wada, ya auna matsin silinda huɗun, ya tsiyaye baƙin mai ya duba ko akwai garin ƙarfe, ya gwada giya ta biyu ko tana zamewa. In mai babur ya hana a auna, kama gabanka.

Da kuɗina ne, Hayabusa ta farko zan ɗauka wadda ba a taɓa buɗe injinta ba, in bar matsin turbo ƙasa da 8 a ma'aunin matsin iska na psi, ragowar kuɗin in sa a kuloci mai ƙarfi, dogon hannun tayar baya da hular kwano ta gaske. Gwaji kuma sai a rufaffen fili, ba a titin Kwangila zuwa Samaru ba, inda ɗalibai da 'yan acaba ke tsallakawa.