Mai gyaran da ya karanta kundin kwamfutata kafin ya ɗauki sukudireba

Sana'ata buga takardu ce. Ina da ɗan shago a Tudun Wadar Kaduna, ba nisa da kwalejin kimiyya da fasaha ta Kadpoly, kuma yawancin masu kawo min aiki ɗalibai ne masu rubuta furojet. Kwamfutar tafi-da-gidanka ɗaya tal gare ni, 'yar Beljiyam mai Windows 10, ita ce jarina. Bayan ƙaramar Sallah sai ta tsiro da wani hali: ina tsakiyar bugu fuskarta za ta yi baƙi ƙirin, 'yar fitilar gefe ta riƙa lumshewa tana buɗewa. In na danna maɓalli ta farka, aikina yana nan inda na bar shi. Wata rana sau biyu, wata rana sau goma, ga ɗalibi tsaye a kaina yana duba agogo.

Mai gyaran farko ko minti biyar bai yi da ita ba ya ce bairos ne, ya goge komai ya sake loda Windows. Kwana biyu na yi ina maido da manhajojina, har da wadda nake buga ƙ da ɗ da ɓ da ita. A rana ta uku ta sake barci. Da na koma ya ce to batir ne, in kawo kuɗin sabo. A nan na tsaya.

Wata abokiyar sana'a ce ta kwatanta min wani matashi a wani bene da ke bayan titin Ahmadu Bello, kuma saboda shi nake wannan rubutun. Bai juya kwamfutar ba, bai kwance ko noti ɗaya ba. Tambaya ya fara yi: "Hajiya, mutuwa take yi ko barci? In ta dawo, aikinki yana nan?" Na ce yana nan. Ya ce to barci ne, kuma Windows ba ta barci sai ta rubuta dalili.

Ya jawo min kujera ya ce in kalla. Ya danna maɓallin Windows tare da R, ya rubuta eventvwr, wani kundi ya buɗe mai layuka rututu, kowane da ranarsa da lokacinsa. Ya shiga sashen System, ya tace su ya bar masu suna Kernel-Power kawai. Ya ce lamba 41 tana nufin na'ura ta ɗauke gaba ɗaya ba a kashe ta yadda ya kamata ba, irin abin da ke faruwa in wuta ta yanke ko ta sandare aka kashe ta da ƙarfi. Ni babu 41 a nawa. Lamba 42 ce ta cika shafin, wato shiga barci, kuma a ƙasan kowace akwai layin da ke faɗin sanadi: ko batir ya yi ƙasa, ko an bar ta ba a taɓa ba, ko wata manhaja ce ta ba da umarni, ko maɓalli ko murfi. Ya ce wasu sababbin kwamfutoci 506 da 507 suke rubutawa a madadin haka, amma karatun duk ɗaya ne.

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da kan biro. In ban da na dare da nake rufe ta da kaina, akwai da yawa a tsakar rana, lokacin da na san hannuna yana kan madannai, kuma duk abu guda suka ce: Button or Lid. Kwamfutar tana zaton an rufe murfinta ne.

Batun batir ma bai bar shi a zato ba. Ya rubuta powercfg /batteryreport, rahoto ya fito yana nuna ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da kuma wanda yake iya riƙewa yanzu. Ya ragu, kamar na kowace tsohuwar na'ura, amma ba shi ne mai laifi ba. Ya kuma nuna min lamba 105, wadda ake rubutawa duk sa'ad da aka ɗauke wuta ta koma kan batir ko aka dawo da ita. Lokutansu ba su dace da na barcin ba ko kaɗan. Wani abu da ya so ya rikita ni shi ne lamba 1 ta Power-Troubleshooter, mai faɗin lokacin barci da na farkawa, na ga tana baya da awa ɗaya. Ya ce da agogon GMT ake rubuta wannan, mu kuwa muna gaba da shi da awa guda.

Sai ya yi shiru yana kallon hannuna. "Hajiya, wannan agogon yaushe kika fara ɗaura shi?" Ƙanina ne ya ba ni da Sallah, irin mai madaurin ƙarfen nan da ke mannewa da kansa. Ya ce in cire in ba shi. Ya ɗora madaurin a gefen da nake jingina wuyan hannuna, ya ja shi a hankali zuwa kusurwa. Ɗif, fuskar ta ɗauke. Ya tashe ta ya sake, ta sake ɗaukewa. Ashe akwai ɗan maganaɗisu a cikin murfin kwamfuta, da wata 'yar na'ura a ƙasa da ke jin kusantowarsa, da haka take sanin an rufe ta. Madaurin agogona ma maganaɗisu ne. Ya ce ya taɓa ganin haka da akwatin abin sauraro na kunne, da kuma masu ɗora kwamfuta a kan wata kwamfutar da ke rufe.

Na tambaye shi ko za a iya hana ta barci in an rufe murfi. Ya ce akwai saitin, amma bai ba ni shawara ba, don ranar da na manta na jefa ta a jaka a kunne, ga zafin Kaduna na bazara, sai ta gasa kanta.

Akwai abin da ban ji daɗinsa ba, kuma zan faɗa. Na yi zaman jira fiye da awa biyu, shagon a matse yake, babu fanka in an ɗauke wuta, hawa benen nan kuma ba na masu ciwon gwiwa ba ne. Ya karɓi naira 5,000 kuɗin dubawa ko da yake bai canza komai ba. Da farko na ji nauyinsu, sai na tuna kuɗin batirin da aka so in saya a banza, da kwana biyun da na rasa. Duk wanda kwamfutarsa ke irin wannan hali, gare shi zan tura shi, amma ya je da safe.

Ya rubuta min 41 da 42 da 105 a bayan rasit, na manna a bangon shago. Agogon kuwa da na zo aiki nake cire shi in sa a durowa tare da sitefila. Mako biyar ke nan. Jiya bayan La'asar na buɗe kundin da kaina na duba, duk 42 ɗin da na gani na lokacin tashi daga shago ne.