Afoftosis da nekrosis, duk mutuwa ce amma ba iri ɗaya ba

Ƙwayar halitta a jikinmu tana mutuwa ta manyan hanyoyi biyu. A afoftosis ita da kanta take shirya tafiyarta, wasu sinadarai da ake kira kasfes su yayyanka kayan cikinta, ta ƙanƙance ta rabu ƙulli-ƙulli a naɗe, sai ƙwayoyin garkuwar jiki su zo su haɗiye abinsu ba kumburi ba zafi, kai ba ma za ka san an yi ba. Da haka ake raba yatsun jariri tun yana ciki. A wata 'yar tsutsa da masana kimiyya Sulston da Horvitz suka bincika, ƙwayoyi 131 cikin 1090 ne ke mutuwa haka, su biyun da wani masanin mai suna Brenner suka ci kyautar Nobel a 2002.

Nekrosis kuwa yawanci haɗari ne. Jini ya yanke kamar a bugun zuciya, ko ƙuna, ko dafin kasa, sai ƙwayar ta kumbura ta fashe, kayan cikinta su zube su jawo kumburi har maƙwabtanta su ji jiki. Ƙafar mai ciwon suga da ta yi baƙi, shi ne.

Ni afoftosis ya fi ban mamaki gaskiya, don ƙwayar da ta lalace ta ƙi mutuwa tana iya zama cutar kansa, wato ciwon daji.