Sharhi kan aikin wani situdiyon bidiyo a Garwa: da kyamara ta fi ɗan dabo iya dabo

Bayan Babbar Sallah da ta wuce, ƙungiyar matasan unguwarmu a Garwa ta ƙasar Kamaru ta gayyaci wani saurayi ɗan dabo domin ya nishaɗantar da jama'a a filin makaranta, kuma ni aka ɗora wa nauyin nemo masu ɗaukar bidiyo, saboda wani ƙaramin gidan talabijin ya yi alkawarin nuna wasan. Na je wani situdiyo da ke kusa da babbar kasuwa, muka daidaita a kan sefa dubu 40, na ba da rabi, sauran kuma sai aiki ya fito.

Ba zan tauye musu haƙƙi ba. Sun iso kafin la'asar da kyamara biyu da janaretansu, sautin ya fita tas duk da iska da hayaniyar yara, kuma cikin kwana huɗu suka miƙo mini aikin, alhali na san masu riƙe bidiyon biki har amarya ta haihu.

Matsalar ta fito ne da na zauna kallo, domin a kujerar gaba nake ranar wasan, kuma abin da na gani da idona ba shi ne a allon ba. A fili, yaron ya sa ƙanensa cikin wani babban akwati, ya lulluɓe shi da zane, ya ɗauki kusan minti biyu yana zolayar 'yan kallo yana kewaya akwatin, sannan ya buɗe aka ga wayam. A bidiyon kuwa an yanke waɗannan mintuna biyun sarai, zane na sauka sai ga akwati babu kowa. Wanda ya lura zai ga inuwar darbejiya ta yi tsalle a ƙasa, mai tallar ruwa da ke hagu kuma ta koma dama ba tare da ta taka ba. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne wata tsohuwa da aka nuno tana salati hannu a ka bayan ɓacewar ƙanen ɗan dabon, alhali salatin nata ta yi shi ne tun da farko, lokacin da iska ta kusa kayar da rumfa.

Da na koma na yi wa mai situdiyon magana, sai ya yi dariya ya ce, "Haba Malam, montaj ne fa, yanka da haɗa hoto kawai, kuma shi kansa dabon ai rufa-ido ne." Maganarsa tana da kamar gaskiya, shi ya sa ta cancanci amsa. Wanda ya zauna gaban ɗan dabo ya yarda a ruɗe shi da saurin hannu da iya karkatar da hankali, kuma daɗin abin shi ne idonsa yana kan wasan amma aka sha shi. Mai kallo a gida ya aro idon kyamara ne, yana ɗaukar cewa abin da yake gani shi ne abin da na gani daga kujerata, don haka idan aka yanke hoto ba a gaya masa ba, an ɗauke masa ido ne aka yi abin a bayansa, kuma wannan ko jikana mai wayar hannu zai iya.

Dabarar ma tsohuwa ce. A 1896 Bafaranshen nan Georges Méliès, wanda shi ma ɗan dabo ne mai gidan wasa a Faris, ya lulluɓe wata mace da mayafi a kan kujera, ya tsayar da kyamara matar ta tashi, ya ci gaba da ɗauka, sai ta zama kamar ta ɓace. Amma shi fim yake yi, kuma daga irin wannan aiki nasa dabarun sinima suka samo asali. Da dabo ya shiga talabijin a Amurka, Mark Wilson, wanda shirinsa ya fara fita a faɗin ƙasar a 1960, ya yi suna da dagewa cewa sai da 'yan kallo a wurin kuma kada a yanke hoto a tsakiyar wasa. Ko ɗan dabon Amurka David Copperfield, da ya ɓatar da Mutum-mutumin 'Yanci na birnin New York a 1983, sai da ya zaunar da mutane a gaban wurin, domin ya san ba tare da shaidu ba kowa zai ce aikin kyamara ne.

A wajenmu kuma akwai wata illa da mai situdiyon bai hango ba. Yaron yakan buɗe wasansa da cewa abin da zai yi saurin hannu ne, babu tsafi babu aljani, amma wannan ma sun cire shi wai don kada a rage armashi. Da na nuna masa bidiyon sai jikinsa ya yi sanyi, ya ce, "Kawu, in wannan ya fita, gobe za a ce da iskoki nake aiki, kuma duk inda aka gayyace ni za a ce in yi shi kamar na talabijin."

Na nemi su mayar da wasan akwatin yadda kyamara ɗaya ta ɗauke shi daga farko har ƙarshe, su dawo da jawabin yaron, su kuma mayar da salatin tsohuwa inda ta yi shi. Sun yarda bayan jan magana, suka ƙara mini sefa dubu 5 da mako guda, kuma wannan ne aka nuna a talabijin. Idan biki ne ko suna zan sake kiransu ba tare da shakka ba, amma duk mai son su ɗaukar masa wasan dabo ya sa su rubuta a kan rasit, tun kafin ya ba da ko dala, cewa ba za su yanke hoto a tsakiyar wasa ba.